Yadda Laraba Ta Shiga Uku

Ku da kuka zo koyon aiki bana, ƙorafinku ya iso kunnena, ko da yake a bayan idona kuke yi. Kun ce shinge na uku yana ɓata muku lokaci. Mutum ya rubuta kod ɗinsa tsaf, ya gwada a kwamfutarsa ya ga yana aiki, yana turawa sai abu ya dawo masa da ja. Har akwai wanda ya ce wai Anti Rifkatu ce ta kafa shingen don ta ga iyakar mutane. To ba ni na kawo shi ba, kuma lokacin da aka kawo shi na fi ku tsanar sa. Ku kife wayoyin nan ku saurare ni, domin labarin na wata mata ne da maganin hawan jininta.

Ni da tafireta na fara. Da masaƙar da babanmu yake aiki a Kakuri ta rufe, sai aka kai ni wani shagon buga takardu a Nasarawa, ina buga katin biki da takardar neman aiki da aikin ɗalibai na gama makaranta. A can Oga Bulus ya same ni. Mutumin Filato ne, dogo, ba ya son doguwar magana, ya buɗe ɗan ofis a saman bene yana rubuta wa shaguna da makarantu manhaja. Ya ɗauke ni in riƙa shigar da bayanai, daga baya ya fara koya mini kod irin tasa koyarwar. Zai ajiye mini shafin da ya rubuta da biro, in buga, in kunna, in abu ya fashe in nemo dalili da kaina. Idan na je da tambaya, amsarsa ɗaya ce: “Me na'urar ta ce?” In ce ban gane abin da ta ce ba. Ya ce, “Sake karantawa.” In an ɗauke wuta kuma babu mai a janareto, sai mu zauna muna rubuta kod a takarda muna fifita da bangon fayil.

Oga yana da wani ɗan guntun kod da yake ji da shi kamar ɗan fari, ya sa masa suna wanke. Duk kalmar da ma'aikatan kwastoma suka shigar sai ta bi ta cikinsa kafin a yi amfani da ita. Yana cire tazarar da ta yi yawa, ya daidaita manyan baƙaƙe da ƙanana, in kuma kalmar sunan ranar mako ce sai ya mayar da ita lamba don lissafi ya zo da sauƙi. Litinin ɗaya, Talata biyu, haka har ƙarshen mako. Duk aikin da muka samu sai Oga ya ɗauko wanke ya dasa a ciki, kuma ba mai taɓa masa shi. Ku riƙe wannan a ranku.

Aikin da ya fi riƙe ofishinmu shi ne na wani ƙaramin asibiti a Trikania. Akwai masu taimako da suke aiko musu da maganin hawan jini ana rabawa kyauta, sai dai maganin ba shi da ranar zuwa, kuma asibitin ba ya ɗaukar mutane da yawa a lokaci guda. Don haka Sista Hannatu, nas ɗin da ke kula da shirin, takan raba wa marasa lafiya ranaku, manhajarmu kuma ta aika wa kowa saƙo a waya. Saƙon gajere ne, yana fara wa da “Barka” da sunan mutum, sannan ya faɗa masa ranar da zai zo. Sista tana da doka biyu. Wanda ya yi ta fashi, za a ba wani gurbinsa, domin masu jira sun fi masu karɓa yawa. Mu kuma masu kod ba mu da izinin ganin sunan majinyaci, lambar kati da lambar waya kawai muke gani. Dokar ta yi mana daidai, ba wanda ya yi musu.

Maman Godiya tana cikin masu karɓar maganin. Ita ce mai abincin da ke gindin mangwaro daura da ofishinmu, shinkafa da wake kullum, ranar Asabar kuma gwate. Godiya ce 'yarta ta fari, kuma da wannan sunan kowa ya san ta, daga masu keke har faston cocinsu. Wata rana tana zuba mini abinci ta ce, “Anti, ashe ku ne kuke aika saƙon asibiti?” Na ce mu ne, har ina ɗaga kai. Ta ce, “To me na yi muku? Maƙwabciyata tana samu, mijinta yana samu, ni shiru. Sai in ga suna shiri in bi su, in je a ce ba ranata ba ce, in dawo na yi asarar ciniki.”

Na karɓi lambar katinta na hau sama da nufin in gama da maganar kafin abincin ya huce. Na duba lambar kati, tana nan. Lambar waya daidai take. Ranarta tana nan a rubuce. Na duba rahoton aika saƙo, ya ce an aika wa kowa. Na aika mata saƙon gwaji da hannuna, kafin in leƙo ta taga har ta ɗago wayar tana nuna mini ya shigo. To ina matsalar? Muka share tsofaffin saƙonnin da suka cika wayar. Muka canza layi. Muka sa Sista ta cire lambarta ta sa ta Godiya, rabo ya zo, wayar Godiya ma shiru. Da ta ga haka sai ta kai wayar wurin fasto aka ɗora mata hannu, don ta fara zargin mutanen ƙauyensu. Ni kaina ban yi mata dariya ba, domin ba ni da bayanin da ya fi nata. A ƙarshe na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni zan riƙa duba ranarta da lambar katin in leƙo in gaya mata. Haka muka yi ta yi, maganar ta kwanta.

Ana cikin haka Terna ya zo. Ɗan Tibi ne daga Binuwai, ya yi shekaru yana aiki a Legas, ya dawo kusa da iyayensa da ke zaune a Narayi. Shi ya kawo mana tsarin shinge. Kafin zuwansa, in ka gama kod sai ka ɗora a kan babbar kwamfuta ka yi addu'a. Shi kuwa ya shirya yadda duk abin da mutum ya tura sai na'ura ta tare shi ta bincika da kanta, in ya wuce ta nuna kore, in bai wuce ba ta nuna ja, kuma ja ba ya isa wurin kwastoma. Shinge na farko yana duba tsabtar rubutu. Na biyu yana kunna gwaje-gwajen da muka rubuta ya ga ko amsa ta fito daidai. Waɗannan biyun mun zauna lafiya da su.

Sai wata safiya ya ce saura guda, zai ƙara mana “taif cekin”. Ni da na fito daga gidan tafireta na ɗauka kuskuren bugu ake nufi, har na ce masa ai ni ba na buƙata, a sa wa Oga da yake bugu da yatsa biyu. Terna ya yi dariya har yana riƙe ciki.

“Anti, ba wannan taif ɗin ba. Iri. Irin abu. Wannan lamba ce, wannan rubutu ne, wannan kwanan wata ne.”

“To mu ba mu san lamba da rubutu ba ne?”

“Ke kin sani. Kod ɗin ne bai sani ba sai ya kai baki.”

Ga yadda na fahimce shi daga baya, in ma na fahimta. Harshen da muke rubutu da shi ba ya tambayar irin abin da ka miƙa masa, karɓa kawai yake yi, sai ya zo amfani da shi sannan rigima ta tashi. Kamar kicin ne da gwangwanaye marasa suna, gishiri fari sukari fari, ba ka sani ba sai shayi ya shiga baki. Sabon shingen yana so ka manna wa kowane gwangwani suna. Bayan haka ba ya kunna kod ɗin ma, karanta shi kawai yake yi daga sama har ƙasa, yana bin kowane abu daga inda ya fito zuwa inda za shi, in ya ga alamar gishiri na iya faɗawa cikin shayi sai ya yi ihu. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Ta yaya abin da bai kunna aiki ba zai ce aikin ya lalace?

Ranar da Terna ya kunna shi, ja ya cika allo yana ta gangarowa kamar ba zai tsaya ba. Manhajar da ta yi shekaru tana aiki, kwastomomi suna yabo, sai ga na'ura ta ce dubban wurare ba daidai ba. Oga ya tsaya a bayanmu da hannu a aljihu, ya ce, “Wannan abin naka akwai abin da yake burge shi a duniya?” Ni na sa masa suna Uwar Miji, sunan kuma ya bi shi har yau, ko ba haka kuke kiran sa a bayan idona ba?

Watannin da suka biyo baya ban taɓa rikicewa a aiki kamar su ba. Ka gyara wuri ɗaya, ja ya ɓullo a wurare da yawa da ba ka taɓa ba. Ka ce mata wannan rubutu ne, ta ce in kuma babu komai a ciki fa? Ka ce ba zai taɓa zama babu komai ba, ta ce kawo shaida. Turancinta kuwa, kowace kalma na san ta, amma in an jera su sai in rasa kansu da gindinsu. Na gano akwai wata alama da ke nufin “komai”, in ka manna ta a kan abu sai Uwar Miji ta kawar da kai. Na manna ta ko'ina, allo ya yi kore shar, na je da murna na nuna wa Terna. Ya dafe kai ya ce, “Anti, kin rubuta ‘abinci’ a kan kowane gwangwani ke nan.” Na koma na cire su ɗaya bayan ɗaya ina ƙunƙuni.

Akwai layi guda da ya gagare mu, a cikin fayil ɗin aika saƙon asibiti, daidai inda ake haɗa “Barka” da sunan majinyaci. Sunan yana bi ta cikin wanke kafin ya iso wurin. Mun riga mun manna wa wanke shaidarsa ta gaskiya, cewa wani lokaci yana fitar da rubutu, wani lokaci lamba. Sai Uwar Miji ta kafe cewa ba a haɗa rubutu da lamba, kuma abin da ke isowa nan yana iya zama lamba. Mu uku muka taru a kansa.

Oga ya ce, “Rana ce take zama lamba. Nan suna muke miƙawa. Sunan mutum zai zama lamba ne?”

Terna ya sosa ƙeya. “Gaskiya ne, Oga. Ita ba ta san bambancin ba. Amma da mun raba wanke gida biyu, na suna daban, na rana daban.”

“Ba mai taɓa mini wanke. Gwaji ya wuce ko bai wuce ba?”

Gwaji ya wuce. Mun gwada da Musa, mun gwada da Maryamu, mun gwada da Yakubu, duka saƙo ya fita lafiya. Sista tana jiran sabon gyara, ja kuma ya tare hanya. Akwai wata 'yar alama da ake sa wa a ƙarshen layi, ma'anarta “yi shiru a nan”. Muka sa ta, allo ya yi kore, muka sauka cin abinci wurin Maman Godiya. Duk mun yarda cewa a wannan karon na'ura ce ta rikice.

Sai shekarar korona ta zo, aka kulle gari. Wannan ita ce muguwar shekara a sana'ata. Makarantu suka rufe, shaguna suka daina kiran mu, aikin asibitin kaɗai ya rage yana numfashi. Ina gida a Narayi, intanet sai na fita bakin katanga na ɗaga waya sama. Maman Godiya ta tattara tukwanenta ta koma gida. Magani kuwa zuwansa ya ƙara rikicewa, Sista takan sa rana ta canza, ta sake canzawa, ta aika sabon saƙo ga kowa. Nakan duba in kira Maman Godiya in gaya mata, kafin in sake samun intanet an canza ranar. Ta taka da ƙafa zuwa asibiti ta tarar ba komai. Ta sake zuwa ta tarar an raba jiya. Daga nan ta gaji ta daina zuwa.

Da aka buɗe gari ta dawo gindin mangwaro, na ga matar ta canza. Ƙafafunta sun kumbura, takan tsaya tsakiyar zuba miya ta runtse ido ta dafa benci. Ta ce kanta ne yake sara kamar ana daka. An cire ta daga shirin, maganin kanti kuma ya fi ƙarfinta, sai ta sha na kwana kaɗan ta bari. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga yadda hawan jini ya kayar da babanmu.

Na tafi wurin Sista Hannatu da kaina. Mace ce mai kirki, amma ba ta wasa da doka. Ta juyo mini da allon kwamfutarta.

“Madam Rifkatu, ga abin da na'urarku ta rubuta. An aika wa kowa. Ni da wa zan yarda, da na'urarku ko da mai cewa ba ta gani ba? Kin san mutum nawa suke gaya mini haka?”

“Sista, na rantse matar nan ba ta samu.”

“To kawo mini shaida cewa laifin daga wurinku ne. In kin kawo kafin rabon wannan wata, zan mayar da ita. In ba haka ba, akwai wani tsoho da na riga na yi wa alkawarin gurbin.”

Na dawo na gaya wa Oga. Fuskarsa ta nuna ba ya son laifin ya zama namu, domin in aikin asibitin ya kuɓuce, sai dai mu kulle ofis. Duk da haka bai hana ni nema ba. Na sake bin duk hanyar da na bi a baya, na zargi kamfanin waya, na zargi babbar kwamfuta, har na fara tunanin ko mutanen ƙauyen nan da gaske suke. Na wuce ta kan layin nan mai alamar “yi shiru” ya fi a ƙirga, ban ko tsaya ba, tunda mun riga mun yanke masa hukunci.

Ana saura kwanaki kaɗan rabo, na sauka cin abinci ba don ina jin yunwa ba. Ina zaune a benci, Maman Godiya ta ba ni baya tana kwashe shinkafa. Terna ya leƙo daga saman bene ya ɗaga murya.

“Anti! Wace rana ma Sista ta ce za a fara rabon?”

Na ɗaga kai na ce da ƙarfi, “Laraba!”

Maman Godiya ta juyo da ludayi a hannu. “Na'am?”

Muka kalli juna. Sai ta fashe da dariya tana rufe baki da gefen zani. “Kai, Anti, kin ba ni tsoro. Na ɗauka uwata ce ta tashi daga kabari. Rabon da a kira ni da sunan nan tun kafin in haifi Godiya.”

“Sunanki Laraba?”

“Shi ne a katin asibiti ma. Ranar aka haife ni.”

Na san wasunku tun ɗazu kun gano, ina ganin kuna murmushi. Ku a jere aka ba ku labarin. Mu shekaru muka yi muna cin abincin matar nan ba wanda ya taɓa tambayar sunanta, kuma wa zai dubi uwar 'ya'ya ya kira ta da sunan gida?

Ban san lokacin da na haye benen ba. Na buɗe wanke, na rubuta masa Laraba, na danna. Ya dawo mini da 3. Na rubuta Talatu, ya dawo da Talatu. Na rubuta Asabe da Ladi da Jummai da Lami, duka suka fito lafiya, domin kowannensu ya ɗan kauce wa sunan ranarsa. Laraba ce kaɗai sunanta da na ranar ba su bambanta ko da baƙi ɗaya ba. Na ce, “Wayyo, mun shiga uku.” Terna yana bayana ya ce a hankali, “Ita ce dai ta shiga, Anti.”

Sauran bayanin shi ya bi ya fito da shi. In kod ya zo haɗa “Barka” da 3 sai ya fashe, kamar yadda Uwar Miji ta faɗa. Amma tun da daɗewa Oga ya kewaye wurin da wata kariya, don kada lambar waya ɗaya marar kyau ta tsayar da saƙon mutane duka. In an samu matsala a kan mutum, a tsallake shi a wuce na gaba. Kariyar ba ta kai ƙara ko'ina, in an kai ƙarshe sai ta rubuta an aika wa kowa.

Oga ya zo. Na goge alamar “yi shiru” na tura. Shinge na uku ya dawo da jan layi guda. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, irin yadda ya koya mini. Sannan ya ce, “Ta faɗa tun ranar farko.” Ya ja kujera ya zauna, da yatsunsa biyu ya raba wanke gida biyu, ya sa kariyar ta riƙa kai ƙara in ta tsallake mutum. Allo ya yi kore ba tare da an rufe wa kowa baki ba.

Muna shirin yin murna sai Terna ya ce, “Oga, Laraba nawa ne a shirin nan?”

Mu ba ma ganin suna. A unguwannin nan namu kuwa, wace coci za ka shiga ka rasa Laraba?

Oga da kansa ya je wurin Sista, ya ce in raka shi. Bai yi kwana-kwana ba, ya gaya mata laifin namu ne, ya nuna mata. Ta shiga dubawa a nata ɓangaren inda sunaye suke fitowa. Ta cire tabarau ta ce, “Yesu. Duk na cire su. Na ce ba su damu da lafiyarsu ba.” Ba ta kore mu ba, ta ce ba ta da lokacin fushi. Ta buga wa masu taimako waya ta roƙi ƙarin magani, ta mayar da Larabobin duka, tsohon da ta yi wa alkawari ma bai rasa ba. Da rana tsaka ina ofis na ji ihu daga gindin mangwaro. Maman Godiya ce take tsalle da kumburarrun ƙafafunta tana ɗaga waya. “Anti! Ta gaishe ni! Ta ce Barka Laraba, ki zo ranar Laraba! Na'urarku in'ina take yi ne?”

Ranar rabon na raka ta, don ina so in ga maganin a hannunta da idona. Benci ya cika. Sista ta fito da kati a hannu ta ce, “Laraba,” kafin ta kai ga sunan mahaifi mata suka miƙe daga nan da can, suka tsaya suna kallon juna, sai wuri ya kaure da dariya. Maman Godiya ta karɓi nata ta ƙulle a bakin zani kamar za a ƙwace.

A can ƙarshen benci wani dattijo ma ya miƙe tare da su. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu ɗaya, ɗaya hannun da wata ƙaramar waya da aka ɗaure da roba. Ya jira dariya ta lafa sannan ya matso.

“Sista, wayar matata ce. Saƙo ya shigo shekaranjiya, an gaishe ta da sunanta, an ce ta zo yau.”

“To ina take, Baba?”

“Mun binne ta da damina. Ta faɗi ne a bakin murhu.” Ya juya wayar a hannunsa. “Kullum tana dubawa, tana cewa asibiti sun manta da ita. Na ce bari in zo in gaya muku, kada a ajiye mata. A ba wani.”

Sista ta kama hannunsa ta zaunar da shi. Ni kuwa na jingina da bango, baƙin ciki ya cika ni.

Har yau ban sani ba ko maganin zai tsare matar, Sista ma ta ce ba wanda zai iya sani. Kuma kada ku ɗauka na gama gane Uwar Miji. Ko a makon jiya ta rubuto mini wani abu da na yi rabin yini ina juyawa, kuma sau da yawa in ka bi ihunta sai ka tarar ba komai a wurin. Matsalar ita ce ranar da muka taru mu uku a kan layin nan, shi ma kama da ba komai ya yi.

Maman Godiya tana nan, ita ce kuke ce wa ta ƙara muku wake. Kai mai jar riga, naka ne ya dawo da ja tun safe, na ga hannunka yana ta zuwa wajen alamar “yi shiru”. Janye hannun. Matso da kwamfutar nan kusa da ni. Me na'urar ta ce?